Ciwon da Ya Raba Mahaifinku da Masallaci

Ku ukun nan kun tashi ne kuna jin rabin magana a kan mahaifinku. Ku shiga wuri a yi shiru, ku fita a ɗora daga inda aka tsaya. Ni da ya kamata in zaunar da ku in ba ku maganar gaba ɗayanta, na yi ta ɗagawa: sai kun yi wayo, sai kun gama makaranta, sai kun yi aure. Yanzu ga shi kowannenku da nasa 'ya'yan, ni kuma idona ya soma gajiya da takarda. Ƙarfin da ya rage mini zan ƙarar da shi a kan shekara guda, domin duk abin da na zama daga baya, da duk abin da kuka rasa, daga cikinta ya fito.

Daga Ƙofa aka kawo ni gidansu a bakin ruwan Tiga, ina da ƙuruciyata. Mutanen garin ba nan ne asalinsu ba. Ruwan dam ne ya ci tsohon garinsu aka ba su wannan wuri, manoman da ba su san kwale-kwale ba suka koyi su a kan dole. Mahaifinku shi a kan ruwan ya tashi. Da safe ya duba tarunsa, da hantsi ya shiga lambun albasa da tumatir, lokacin salla kuwa ya ajiye ko me yake yi ya nufi masallacin unguwa, domin shi ne ladan. Haladu Ladan gari ke ce masa. Ni Malam nake ce masa, yau ma da na rubuta sunan sai da hannuna ya yi nauyi. Gidan babba ne. Wansa, Yaya Garba, shi ne maigida tun rasuwar mahaifinsu. Sashensa yana gabas, namu yana yamma, tsohuwarsu Iya tana tsakiya. Da almuru kowace mace ta fitar da kwanon mijinta ƙofar gida, mazan gidan da maƙwabta su haɗa kwanuka su ci tare. A garinmu, namijin da ke cin abinci shi kaɗai a ɗaki, ko dai yana kwance ne ba lafiya, ko kuma an fitar da shi daga cikin mutane.

Da kakar wannan shekara zazzaɓin taifot ya kama shi. Ya yi ta sayen magani a kemis yana fita aikinsa, har ranar da cikinsa ya kumbura ya ƙame, aka ɗauke shi a mota zuwa Kano. Hanjinsa ne ya ɓule. Aka yi masa tiyata aka yanke wani yanki, ya daɗe a kwance ana ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Da aka sallame mu aka haɗo mu da wasu na haɗiya, ɗinkin ya yi ruwa, aka sake ƙaro wasu. Ya dawo gida duk wuyansa ƙashi. Iya ta ce aikin mayar masa da jiki nata ne, kada wanda ya sa mata baki. Kunun gyaɗa da safe, sukari sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Fura da rana. Mazarƙwaila a aljihu, rake daga fadama, masu dubiya kuma kowa ya zo da lemon kwalba. Ya soma murmurewa, muka yi ta godiya ga Allah.

Ranar da na fara lura, bayan azahar ne. Ya sha fura ya kishingiɗa a inuwar darbejiyar tsakar gida. Na zo wucewa da tsintsiya sai ya kama bakin zanena yana dariya, a gaban Iya, mutumin da ko sunana ba ya kira da ƙarfi idan tsohuwarsa tana kusa.

"Hinde," ya ce, harshensa yana karyewa, "ƙasar nan tafiya take. Ki riƙe ta."

"Malam, lafiya? Jiri ne?"

"Lafiya lau. Ban taɓa jin lafiya irin ta yau ba."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafarsa ta harɗe ya zube. Da na sunkuya in ɗaga shi sai wani wari ya buge ni daga bakinsa. Warin da na sani ne, amma ba a bakin mutum ba: irin na ƙullun waina idan ya wuce lokacinsa, ya yi tsami har yana hawa hanci. Ya yi barci mai nauyi, ya farka da ciwon kai, bai tuna komai ba. Da na faɗa masa abin da ya yi, ya rufe fuska da hula ya ce in roƙa masa Iya gafara.

Abin ya dinga dawowa, ba kullum ba, amma yana ƙara ƙarfi. Iya ta ce iska ce ta bi shi daga asibiti, ko kuma ta ruwa ce ta same shi jikinsa ba ƙwari. Aka ɗauko wani malami daga wajen Ba'awa, dattijon kirki, ya yi masa addu'o'i, ya ce a riƙa ba shi zuma da dabino safe da yamma. Muka yi yadda ya ce. Abin ya ninka. Duk da haka a cikin gida yake faruwa, muna rufa wa juna asiri, har azumi ya kama.

Da azumin nan na ga abin da ya ɗaure mini kai. Tun daga hantsi har faɗuwar rana mahaifinku garau yake, idonsa tar, maganarsa daidai, kamar mutumin da na aura. Sai an sha ruwa, ya ci dabino, ya kora da kunun tsamiya, ya bi da ƙosai da fanke, kafin isha'i ya soma canjawa. Na roƙe shi ya bar wa wani kiran isha'i, ya ce me zai gaya wa liman. Wata rana a goman tsakiya, ina wanke kwanuka, na ji ya kunna lasifikar masallaci. Ya fara kiran salla daidai. Ya kai tsakiya ya tsaya, ya koma farko. Ya sake kaiwa wurin ya sake tsayawa. Sai numfashinsa kawai ake ji a saman gari. Daga nan sai dariya, irin wadda ya yi mini a gindin darbejiya, tana fita ta lasifika tana shiga kowane gida. Na ji ƙarar abu ya faɗi, aka kashe na'urar. Matan gidan duk suka fito tsakar gida, babu wadda ta dube ni.

Su huɗu suka kawo shi a riƙe, ya yi amai a rigarsa. A cikin waɗanda suka ɗauko shi akwai wani da ya daɗe yana gadi a Kudu, shi ne ya faɗi kalmar a bakin zaure, yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ku daina cewa iska. Na san warin nan. Giya ce."

Washegari Yaya Garba ya shigo sashenmu ba sallama. Ya ɗaga katifa, ya zazzage adakata, ya leƙa randa, ya hau rumbu, ya je bakin ruwa ya kife kwale-kwalen ƙaninsa. Bai ga komai ba. Rashin ganin bai wanke ƙaninsa ba, sai ma ya ce ai wayon ya kai a riƙa sha a tsallaken ruwa a dawo. Mahaifinku ya durƙusa a gabansa, da azumi a bakinsa, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa.

"Ba za ka taɓa shi da wannan hannun ba," in ji Yaya Garba. "A watan azumi, Haladu? A masallaci? Daga yau kwanonka ya tsaya a ɗakinka. Kada in gan shi a ƙofar gida."

Aka karɓe ladancin aka ba wani. Matan da ke sayen kifinsa suna soyawa suka koma wajen wasu. Babbanku ya dawo daga makaranta da leɓe a fashe, ya ƙi faɗa mini da wa ya yi faɗa. Maganar ta bi motocin kasuwa har Ƙofa, kuma bayan ƙaramar salla mahaifina ya zo. Kun san shi da tsufa, ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Mutum ne da bai taɓa faɗar magana sau biyu ba. Ya ƙi shiga gidan, ya tsaya a zaure, aka kira ni. Na durƙusa na gaishe shi.

"Hinde, ɗauko mayafinki da yaran. Zan sa a karɓo miki takardarki daga baya."

"Baba, Allah ya huci zuciyarka. Ni nake dafa abin da yake ci, ni nake wanke abin da yake sawa. Tun da abin nan ya faru ko ƙofar gida bai leƙa ba, amma jiya ma ya tashi masa a gabana. In da sha yake, da na gani."

"Duk gari sun ji da kunnensu, ke kaɗai ce ba ki ji ba?"

"Na ji, Baba. Amma ciwo ne."

"Ban ba mashayi 'yata ba, kuma jikokina ba za su tashi a hannunsa ba. Zan fita ƙofar nan. In na fita ba ke, to, kin zaɓa."

Ya tsaya yana jira. Ina jin Iya tana kuka a bayan katanga. Na dubi takalmansa, ƙafata ta ƙi ɗaga ni, kuma ban so ta ɗaga ni ba. Abin da ke raina a lokacin ba wani abu ne mai girma ba: na san idan na tafi babu wanda zai juya mahaifinku a kan gefensa idan abin ya kwantar da shi, amai zai shaƙe shi ya mutu. Baba ya gyara babbar rigarsa ya fita. Daga ranar har ya bar duniya, in na je Ƙofa na yi sallama yakan amsa, domin ba ya wasa da haƙƙin sallama, amma bai ƙara mini kalma ɗaya a kai ba. Innata ce ke aiko mini da daddawa da kuka a ɓoye.

Ni na matsa muka koma asibitin Kano. Likitan da muka fara gani ya duba jininsa, ya ce hantarsa ta soma taɓuwa, ya ba shi shawara a hankali cewa ya daina sha. Mahaifinku ya tashi zai fita, na riƙe shi. Muka sake dawowa wani zuwan, sai muka faɗa hannun wata likita mace, ba yarinya ba, mai yawan tambaya. Ba ta tambaye shi ko yana sha ba. Ta tambayi tiyatar, ta tambayi magungunan da tsawon lokacin da ya ɗauka yana shansu, ta tambayi abin da yake ci. Da na ba ta labarin azumi, yadda yake wuni garau sai an sha ruwa, ta ajiye biro ta ce in maimaita. Ta ce akwai wani abu da ta taɓa karantawa, ba ta taɓa gani da idonta ba, kuma ba za ta faɗa ba sai ta gwada. Aka kwantar da shi a ɗaki shi kaɗai, aka caje kayansa, aka hana kowa kawo masa ko ruwa daga waje, har ni. Da safe aka ɗebi jininsa, babu komai. Aka dama masa ruwan sukari ya sha a gabansu. Kafin la'asar yana kiran ma'aikaciyar jinya da sunan ƙanwarsa, yana dariya. Aka sake ɗibar jini, sai ga giya a ciki. Ta kuma sa aka bincika abin da ke cikin hanjinsa.

Da sakamakon ya fito ta zaunar da mu. Ta juyo gare ni ta ce, "Kina waina?"

"Ina yi, likita."

"Me kike sa wa ƙullun ya tashi?"

"Yis, da ɗan sukari."

"To, yis ɗin nan abu ne mai rai, ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Akwai danginsa kaɗan a hanjin kowa, amma sauran ƙwayoyin da ke zaune a hanji sun fi shi yawa, suna danne shi. Magungunan da suka ceci ran maigidanki sun kashe masu danne shi, shi kuma ba su taɓa shi ba. Ga hanjin an yi masa aiki, abinci yana daɗewa a wurin. Sai ya samu fili ya yaɗu."

Ta ce abincin yis sukari ne, kuma a jikinsa akwai wasu sinadarai da ake kira enzayim, masu aiki kamar mata a jere wajen surfe, wannan ta daka ta miƙa wa waccan, har a farfasa sukarin a fitar da ƙarfin da ke ciki. Hanya biyu yake da ita. Idan sukari kaɗan ne kuma akwai iska, sai ya bi doguwar hanya, ya cinye shi tas, abin da zai rage ruwa ne da iska. Idan kuwa sukarin ya yi yawa, sukarin da kansa ne ke sa ya dakatar da masu aikin doguwar hanyar, ya sako na gajeriyar, ya yi ta ci da gaggawa yana zubar da saura. Sauran nan abu biyu ne: iskar da ke kumbura ƙullu, da giya. A cikin hanji kuma iskar shaƙa ba ta da yawa, don haka kusan gajeriyar ce kawai ta rage masa. A waina, wutar tanda tana korar giyar. A cikin mutum babu tanda, sai ta bi jini ta hau kai.

"Amma ba kullum yake shan zaƙi ba," na ce.

"Tuwo ma, da fura, da shinkafa, da rogo, in sun shiga ciki jiki yana mayar da su sukari."

Duk wannan bayani mahaifinku kansa a ƙasa yake. Na ɗauka zai yi murna an wanke shi. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Likita, sallolin da na yi a cikin wannan hali fa?"

Ta ce, "Malam, ni ba malama ba ce. Abin da zan iya shaida a ko'ina shi ne, ba ka ɗaga komai ka kai bakinka ba sai abincin halal."

Ta ba shi maganin kashe yis ɗin, ta ce zai rage shi ƙwarai amma ba ta yi alkawarin zai ƙare ba. Ta hana shi duk wani abu mai zaƙi da duk abin da aka yi da hatsi, sai ranar da ta ce ya gwada kaɗan. Muka dawo gida ina jin kamar na ɗauko wa gari ruwa a lokacin fari. Na sa mahaifinku ya je ya yi wa Yaya Garba bayani, ni ina daga bakin ƙofa ina cika masa inda ya manta. Yaya Garba ya saurara har ƙarshe.

"Wato tuwo ne giyar," ya ce. "Ashe duk garin nan mashaya ne, har da Iya. Haladu, in za ka tuba ka tuba. Kada ka ƙara wa laifi ƙarya, kuma ka daina sa matarka tana taya ka."

Bayanin da na ɗauka zai wanke shi sai ya zama abin dariya. Samari a bakin kasuwa suka laƙaba masa mai tukunya a ciki. Liman ya zo gida da kansa, ya saurare mu da kyau, ya ce shi bai ga dalilin ƙaryata likita ba, kuma wanda ciwo ya gusar wa hankali babu laifi a kansa. Amma ya ce ba zai iya mayar masa da lasifika ba, jama'a ba za su yarda ba, kuma in abin ya sake faruwa fa? Mahaifinku ya ce gaskiya ne. Ya koma sallarsa a sahun ƙarshe, kusa da takalma, ya riga kowa fita.

Damina ta same mu a haka. Kifi yake ci, da ƙwai in an samu, da zogale da rama da gyaɗa. Ku tuna garin da muke: tun daga koko na safe har tuwon dare babu abin da ba hatsi ba. Yakan zauna a ɗaki da kwanon ganyensa yana jin muryoyin maza a ƙofar gida suna ci suna hira. Wani lokaci ƙamshin tuwon da nake tuƙa muku ya sa ya tashi ya tafi lambu. Amma ya warke. Tsawon damina bai yi tangaɗi ba ko sau ɗaya, jikinsa ya dawo, kifinsa ya soma samun masu saye. Da maganin ya ƙare, likitar ta ce ya gwada 'yar loma a gida. Ya gwada malmala guda, na rufe ƙofa, abin ya taso masa kamar jiya aka fara. Muka gane yis ɗin yana nan, yunwa ce kawai ta kwantar da shi. Muka sa ranar komawa asibiti bayan an gama girbi.

Da kaka ta zagayo Iya ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ta kira Yaya Garba ta ce masa ba za ta yafe ba idan ta mutu 'ya'yanta suna cin abinci a rarrabe. Shi ma, in an bi gaskiya, ya ga watannin da ƙaninsa ya yi lafiya, zuciyarsa ta yi sanyi. Sai dai abin da ya fahimta shi ne mutum ya tuba ya daina. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, ya tara mazan gidan da maƙwabta da liman a ƙofar gida, ya sa aka sayo nono mai kyau a wajen matan ruga, aka dama fura a babbar ƙwarya, aka zuba sukari ba ƙyashi. Ya aiko a kira mahaifinku. Ni ina cikin zauren ciki, inda mace za ta iya tsayawa, ina jin komai.

"Jama'a, ku shaida," in ji Yaya Garba. "Abin da ya wuce ya wuce. Haladu ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya gyara, mun gani, mun karɓe shi. Matso nan kusa da ni. Ungo, kai za ka fara."

Na leƙa ta jikin asabari. Yaya Garba ya cika ludayi ya miƙa masa da hannunsa. Mahaifinku ya dubi ludayin. Liman ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya fasa. In mahaifinku ya ce ba zai sha ba, dole ya sake faɗin maganar tuwo da yis a gaban mutanen da suka yi mata dariya, ya mayar wa wansa hannu a ranar da ya miƙo shi, Iya kuma tana kwance tana jiran labari. Ya ce bismillah ya karɓa. Aka yi ta kabbara da hamdala. Ludayi ya zagaya ya dawo kansa, ya sake sha, ya sake. Na ji muryarsa a cikin hirar, yana dariya irin tasa ta gaskiya, wadda na kusa mantawa.

Da aka watse ya shigo, ya fara leƙa Iya, sannan ya zo sashenmu ya ɗauki filafilin tuƙa kwale-kwale a bayan ƙofa. Na tare hanya.

"Malam, ka sha da yawa. Shiga ɗaki in rufe, in ce barci kake."

"Kin san yadda nake ɗaga murya in ya taso. Katangar nan ba ta ɓoye komai. Yau ɗin nan, Hinde? Yau da suka karɓe ni? Iya ta ji?"

"To ka tafi lambu."

"Lambu cike yake da mutane, ana dashen albasa. Akwai sauran lokaci kafin ya taso. Zan haye tsibirin da nake shanya taru, in kwanta a kan yashi har ya sake ni. Ba mai gani. Da safe ki dafa mini kifi."

Na riƙe filafilin, na ce ba zan saki ba. Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba faɗa. Ya ce in yi masa addu'a, ya fita ta ƙofar baya. Na bi shi har bakin ruwa, abin da ban taɓa yi ba, ina kiransa. Tuƙinsa daidai yake, kwale-kwalen yana tafiya a miƙe har ya yi nisa. Na tsaya ina gaya wa kaina zai kai.

Bai kai ba. Masunta suka ga kwale-kwalen yana yawo ba kowa kafin magariba. Washegari da hantsi aka same shi, ba nisa da tsibirin. Mutumin da ya tashi a kan ruwan nan, wanda ya tsamo yaran mutane da yawa daga cikinsa. Waɗanda suka ɗauko shi suka ce da ganin yadda abin ya faru ba a hayyacinsa yake ba, kafin a kai shi makwanci maganar ta gama gari: ya koma shan giya, a ranar da aka yafe masa. Wasu suka ja baya daga sallar gawar. Liman ya ce shi zai yi, wanda ya ga dama ya bi. Iya ma ta rasu kafin in fita takaba. Daga Ƙofa innata ta zo da ƙannena. Baba bai zo ba.

Kun san sauran: yadda muka bar gidan muka koma Tudun Wada, da wainar da na yi ta soyawa a bakin tasha har kuka yi karatu. Na koma wajen likitar sau ɗaya na gaya mata. Ta cire tabarau, ta ce in kula da ku, ciwon ba gado ba ne, kada in bar kowa ya tsorata ku da shi. Wannan ma ku sani, ku gaya wa 'ya'yanku.

Ban riƙe Yaya Garba a zuciya ba, ku ma kada ku riƙe 'ya'yansa. Furar nan da ƙauna ya dama ta. Ranar da za mu tashi, an gama ɗora kaya a mota, ya zo ya tsaya a bakin zaure. Ya rame, gemunsa ya yi fari a 'yan watannin nan. Na durƙusa na yi masa sallama. Ya daɗe yana murza carbi bai dube ni ba.

"Hinde," ya ce, "wallahi na ɗauka ya daina."

Na ce, "Yaya, bai taɓa farawa ba."

Direba ya danna ham. Na ɗauki ƙaramarku na saɓa a kafaɗa, muka fita.